Loma Bakwai a Farin Ƙyalle

Kowace shekara, da an gama girbi, sai ofishinmu ya cika da ku, 'yan sitaj masu koyon aiki. Ku zo daga jami'a da takarda mai tambari, da salula mai ido uku a ƙeya, da wandon da har yau ban gane yadda ake sujada da shi ba. Bana ma akwai wanda ko kwana biyu bai yi ba ya dubi tsohuwar kamarar da ke kan teburina, ya dube ni, ya ce, "Baba Lawali, ai yanzu wannan aikin ba wuya. Ka danna jan maɓalli ya fara, ka danna ja ya tsaya, shi ke nan." Na ce Allah ya ƙara masa basira. To, tun da shi ke nan ne, ga takarda na rubuta muku, ku karanta ranar da batir ya mutu. Da wannan aikin mai sauƙi na taɓa tayar da magidanci daga garin da aka binne cibiyarsa, ban zage shi ba, ban taɓa ko rigarsa ba. Sunansa Buba, kuma saboda shi nake wannan rubutu. Amma bari in fara da waya, don ni ma da ita aka fara mini.

Ni mutumin Bande ne, a da gyaran rediyo nake yi a bakin kasuwa. Wata rana 'yan mishan Katolika suka zo nuna majigi, gurup ɗinsu, wato injin wuta, ya ƙi tashi. Limaminsu, wani tsohon Bature da kowa ke kira Mompe, ya yi ta jan igiya har fuskarsa ta yi ja kamar manja. Na matsa na cire buji, wato fulogi, na goge shi da gefen rigata, na hura, na mayar. Inji ya tashi. Washegari ya aiko a tambaye ni ko ina son aiki. Na ɗauka kamara za a miƙo mini. Waya aka miƙo mini, baƙa, mai taku sittin, wadda ke kai wuta daga inji zuwa majigi. Tsawon nan ba ado ba ne, ana kai injin can bayan shinge ne don kada ƙararsa ta cinye maganar fim. Wata uku ban yi komai ba sai shimfiɗa ta da naɗe ta. Idan na naɗe ta a gwiwar hannu kamar igiyar guga, sai Mompe ya warware ta duka a ƙasa ya tafi shan shayinsa. Da daɗewa na gane waya tana da yadda take so ta kwanta. In ka tilasta mata sai ta karye daga ciki inda ido ba ya gani, ta jira sai gari ya taru sannan ta nuna maka halinta. Ku kuwa jiya na ga yadda kuka cusa ta cikin kwali kamar hanjin akuya.

Da na karɓi aikin, kawuna ya tara dangi ya ce an gama da ni, kafin watan azumi za a rataya mini gicciye. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan, har yanzu ba su sami sukunin yin hakan ba, aiki ya yi musu yawa. Mompe ma shi ne mai duba agogo ya ce, "Lawali, la'asar ta yi, ajiye kaya." Na ɗauki hoton addu'o'insu fiye da yadda wasu mabiyansu suka halarta. Na san inda za su durƙusa, na san inda za su miƙe, na san wurin da ba a tsayawa da kamara ko da hasken can ya fi kyau. Wannan na ƙarshen wata tsohuwa ce ta koya mini, ta kama ni da riga ta mayar da ni gefe a gaban jama'a.

Bayan waya aka ba ni mikoro, abin ɗaukar murya, bayan mikoro ƙafafun kamara, kamarar kanta sai da na shekara. Ranar da aka ba ni ita ma, a wani ƙauye kusa da Dungas, Mompe ya cire batir ya sa a aljihunsa. Yini guda ina yawo da matacciyar kamara a kafaɗa. Mata suka gudu, yara suka bi ni, maza suka shiga gida suka sako rigunan salla suka jeru kamar za a yi musu katin zaɓe. Sai wajen la'asar, da kowa ya gaji da ni, mai daka ta koma dakanta, mai tufkar igiya ya koma tufkarsa, sannan ya miƙo mini batir. Ku kuwa kuna sauka daga mota kun riga kun cusa wa tsohuwa salula a hanci kuna tambayarta yadda take ji a ranta game da matsalar ruwa. Yaya za ta ji? Ta ce muku lafiya lau, ku dawo ku rubuta a rapor cewa mutanen karkara ba sa son magana.

Fim ɗin addini na farko da na ɗauka ni kaɗai wasan Kirsimati ne, a 'yar majami'arsu, wadda mabiyanta ba za su cika aji ɗaya na lakwal, wato makarantar boko, ba: ma'aikatan da aka turo daga nesa da 'yan kasuwa daga kudu. Wasan yana bukatar jaki, muka aro na wani mai sayar da ruwa. Jakin nan ya yi shekaru yana bin hanya ɗaya, daga gida zuwa famfo, kuma ba ya sauya ta don kowa. Sau tara ina cewa a fara, sau tara yana ɗaukar matar da aka ɗora masa ya nufi famfo da ita. A ƙarshe muka ciccibi bukkar wasan da kayanta muka kafa a kan hanyar famfon. Da fim ya fita, Mompe ya yi ta yabon natsuwar jakin da biyayyarsa. Ranar na fara sanin cewa abin da ya faru daban, abin da ke cikin fim daban, kuma na ji daɗin wannan sani fiye da yadda ya kamata.

Nuna majigi a ƙauye kuwa, ba da farin ƙyalle ake farawa ba. Da maigari ake farawa, sannan liman. A zaunar da liman a inuwar mota tun da rana, a nuna masa fim ɗin a ƙaramin allo, ya tabbata wanke hannu ne da haƙar rijiya, ba wa'azin mishan ba. Mompe bai taɓa yarda a nuna fim ɗin addininsu a garin da ba a roƙa ba. Bayan nan a nemi bishiya biyu, a duba ta inda iska ke fitowa, a ɗaure ƙyallen ta kusurwa huɗu, in ba haka ba fuskar likita ta yi ta kumbura tana sacewa. Mata a hagu, maza a dama, yara ko'ina. Tabarmar gaba ta dattawa ce, dab da ƙyalle, saboda idonsu ya yi rauni. A fara bayan magariba, a tsaya in an kira lisha ko da ana tsakiyar magana. Ku riƙe zancen tabarmar nan, za mu dawo kanta.

Mutanen ƙauye ba ruwansu da saƙon da ka sha wahala ka shirya, su dai su ga saniyar wane ta wuce su yi ihu. Manyan gwamnati kuwa, fim mai kyau a wurinsu shi ne wanda ba a yanke jawabinsu ba. Amma masu kallonmu na gaske suna can ƙetaren teku, mabiya majami'u da ke kallon fina-finanmu a lokacin azuminsu na kwana arba'in, su tausaya, su tara taimako. Ba mu taɓa ganinsu ba, amma su ne ke zuba mai a mota. Ba sa son jawabi, ba sa son dogon bayani. Fuska suke so, kusa-kusa, har su ga jijiyar wuya.

Shekarar da ta fi kowace muni, ruwa ya ɗauke gero yana bununi, fara ta zo ta share abin da ya rage. Kafin bazara shanu sun fara kwanciya ba sa tashi. Mishan ta raba masara a wasu ƙauyuka wajen Sassumbrum, aka ce in je in ɗauko fim da za a aika ƙetare, ko a sami abin haƙa rijiyoyi. A lokacin na zama gwani, ko dai haka nake ji. Ni ke ɗauka, ni ke montaj, wato yanka hotuna da jera su a ordinata, kwamfuta ke nan. Har hula na sauya.

Na sauka a wani ƙauye na makiyaya masu noma. Ba zan faɗi sunansa ba don na san ku, gobe sai ku hau kabu-kabu ku je neman abin sakawa a salula. Kwana huɗu ina ɗaukar rumbu ba hatsi, da fatun shanu a shanye, da layin mata riƙe da ƙwarya. Duk sun yi, amma babu abin da nake nema, wato mutum yana cin masarar nan. Yara sun ci a gabana, amma yaro mai ci kowa ya ɗauka. Ni babba nake so, magidanci. Mutanen nan kuwa babba ba ya cin abinci a idon jama'a, ko ruwa zai sha sai ya juya baya ya tsuguna. In ko surukinsa na wurin, gara ya kwana da yunwa.

Buba shi ke yi mini jagora a garin, don Hausarsa ta fi ta kowa fita. Dogo ne, mai magana ƙasa-ƙasa, shanunsa duk sun mutu sai karsana biyu. Matarsa Hajjo 'yar wani dattijo ce mai suna Giɗaɗo. Gidajensu suna kallon juna, amma in Buba ya hango tsohon a hanya sai ya cire takalmi ya ratse cikin gona. Na yi kwana biyu ina lallashinsa. Na ce masa don 'ya'yan garin ne, don rijiya ne. A rana ta uku ya kai ni bukkarsa, ya kori kowa har kaji, ya saki asabari, ya bar ɗan haske ta gefe. Ya zauna da akushin tuwon masara a gabansa, ya daɗe yana kallonsa.

"Malam Lawali, wa zai ga wannan?"

"Turawa ne kawai," na ce, "can bayan teku. Ba su san ka ba, ba su san ko sunan garin nan ba."

"Ba wanda ya san ni?"

"Ko ɗaya."

Ya yi bisimilla ya sa hannu.

Maganar nan da na gaya masa, ba zama na yi na ƙulla ƙarya ba. Ita muke gaya wa kowa don ya saki jiki, kamar yadda mai allura ke cewa ba zafi. Hankalina yana kan haske. Kuma hasken ya yi kyau, wallahi ya yi kyau, ya faɗo a gefen fuskarsa da hannunsa, ga tururi yana tashi. Mutumin yana jin yunwa ta gaske, da ya yi loma biyu sai ya manta da ni. Na matso da hoto har maƙogwaronsa ya cika allo.

Washegari, can wani gefen gari, ina ɗaukar dattawa a gindin gawo. Na ajiye mikoro a kan turmi, wata akuya ta zo ta kama soson da ke kansa ta fara tauna. Na bi ta da gudu, waya ta harɗe ni, na faɗi rub da ciki. Kamara tana kan ƙafafunta tana ta ɗauka, kuma fuskar tsoho Giɗaɗo take kallo. Tsohon nan da ya yi watanni bai yi murmushi ba ya dubi ƙasa inda nake kwance, ya yi dariya har haƙoransa biyu da suka rage suka fito, har ya share hawaye da bakin rawani.

A ofis na zauna da kaset biyu. Ga Buba yana ci, kai a sunkuye. Ga tsoho yana duban ƙasa yana dariya. Ɗaya yana kallon dama, ɗaya hagu, kamar don juna aka ɗauke su. Da yake hotunan kusa-kusa ne, ba bukka ba bishiya, ba mai cewa ba wuri ɗaya suke ba. Na yanka na jera: loma, loma, fuskar tsoho, loma, loma, Buba ya ɗago ido, tsoho ya share hawaye. Haka na ci gaba har loma bakwai suka cika. Na cire kukan akuya da ihuna, na sa sarewa a ƙasa. Na kira Mompe ya gani, ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Lawali, uba yana murna ɗansa ya sami abinci. Wannan shi ne fim ɗin." Shi ba shi da laifi. Bai san wane ne wane a garin ba, kuma mutumin da bai taɓa aure ba ina zai san nauyin suruki? Ni fa? Ni da na fi shekara goma da aure ban taɓa tauna ko goro a gaban uban matata ba. Na san Giɗaɗo, na san Buba, na san abin da ke tsakaninsu. Amma a gaban ordinata ban ga mutum da surukinsa ba, na ga hoto mai kallon dama da hoto mai kallon hagu. Wannan ita ce cutar aikinmu, kuma gwani take kamawa, ba ta kula ɗan koyo.

Fim ya tafi ƙetare. Aka aiko mana da wasiƙa cewa mutane sun yi kuka, kuma a wurin tsoho da ɗansa suka fi kuka. Aka amince za a haƙa wa garin rijiya mai siminti. Na yi mako guda ina tafiya kamar ƙasa ba ta isa in taka ta ba.

Mompe yana da doka ɗaya da ba ya sassautawa: duk garin da aka ɗauki hotonsa sai an koma an nuna masa. Yakan ce aron fuskokinsu muka yi, dole mu mayar. Doka ce mai kyau. Na san ta tun ina naɗe waya, na kuma san ta ranar da nake ce wa Buba Turawa ne kawai. Da kaka ta yi, gari ya ɗan farfaɗo, muka ɗora kaya a mota. A hanya alƙawarin ya faɗo mini a rai, na kore shi. Na ce ai shekarar nan kowa ya ci masarar mishan, wa zai yi wa wani dariya? Jerin da na yi kuwa ɗokin nuna shi nake, su ga gwaninta.

Buba ya taya ni ɗaure ƙyalle, ya ja waya har bayan shinge, ya shimfiɗa tabarmar gaba, sannan ya koma can baya ya tsaya jikin wani amalanke. Giɗaɗo ya zauna a tsakiyar dattawa, sanda a kan cinya. Da fari ihu ne da shewa: ga rumbun wane, ga wance da ƙwaryarta, ga bijimin da ya mutu kamar ya dawo. Sai sarewa ta shigo. Bakin Buba ya fito a ƙyalle, faɗinsa ya kai ƙofar ɗaki. Loma ta ɗaya, surutu ya ragu. Ta biyu, ya ɗauke. Sai ga fuskar Giɗaɗo tana dubansa tana dariya.

Wata mata ta ce, "La ilaha illallahu! A gaban baban Hajjo?"

Wani saurayi ya tuntsire da dariya, wani babba ya kwaɗe shi, amma ta riga ta kama sauran samarin. Giɗaɗo ya ja rawani ya rufe fuska har ido, ya sunkuya. Mompe yana kusa da ni, ya raɗa mini, "Dubi yadda abin ya taɓa zuciyar tsohon." Yatsana yana kan maɓalli ban danna ba, ina tunanin in na kashe abin zai fi fitowa fili. Kafin in gama wannan tunanin banza loma bakwai sun cika. Na waiga wajen amalanke, na ga bayan Buba yana shigewa cikin karan gona.

Sauran labarin masu awon rijiya ne suka kawo mini ofis. Giɗaɗo ya rantse wa dattawa bai taɓa taka bukkar nan ba. Suka ce, "Haka ne, Baffa," da irin muryar da ake yi wa mai rufa wa nasa asiri. Rantsuwar ma ta zama ƙarin kaya a kan Buba: ga shi ya ci a gaban suruki, ga shi ya sa tsoho rantsuwa. Wa zai ƙaryata abin da gari guda ya gani? Kafin mako ya zagayo samari sun laƙaba masa Loma Bakwai, yara suna kwaikwayon yadda maƙogwaronsa ke motsi in ya zo wucewa.

Na gaya wa Mompe gaskiya duka. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ajiye makullin mota a kan teburi ya ce, "Je ka warware ta, ka sake naɗewa."

Na koma da kaset ɗin gindin gawo yadda na ɗauke shi, ba yanka ba sarewa. Na Buba ban sake nuna shi ba, wannan kaɗai ne hankalin da na yi. Na tsaya gaban ƙyalle da mikoro kamar mai tallan magani. Suka ga dariyar Giɗaɗo, suka ji kukan akuya da ihuna da ƙarar faɗuwata. Dattawa suka ce, "Ƙwarai kuwa, ranar da mai majigi ya ci ƙasa!" Sannan na nuna musu yadda ake haɗin. Na sa dariyar nan bayan jaki yana birgima, na sa ta bayan ƙwarya ba komai, na sa ta bayan fuskata. Gari ya yi dariya har da riƙe ciki. Liman ya miƙe ya ce an zalunci bawan Allah, kowa ya kama bakinsa. Wata tsohuwa ta ɗaga murya ta ce, "To, ɗan nan, wancan na wanke hannu da kuka nuna mana, yaron da ya warke, shi ma haɗi ne?" Na ce a'a, wannan gaskiya ne. Ta ce, "Uhm." Tun ranar ba a sake gaskata ƙyallenmu a garin ba, amma na ce ba komai, tunda na wanke Buba. Na tambaya ina yake in yi masa albishir. Aka ce ai ya kwana goma da tafiya. Ya kora karsanarsa biyu, ya bar Hajjo da yara a gidan ubanta, ko sallama bai yi musu ba, don ba zai iya zuwa ƙofar ba.

Sai bayan wata biyar na gan shi, a kasuwar Dungas, wajen turakun shanu, riƙe da igiyar bijimin wani. Ya koma kora wa 'yan kasuwa dabbobi zuwa kudu. Ya rame. Muka gaisa, ya tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya. Na ja shi inuwa, na kira mai fura don zama ya yi daɗi, na miƙa masa ludayi a tsakiyar kasuwa. Ya dubi ludayin, ya dube ni, ya ce, "Alhamdu lillahi, na ƙoshi." Kun ga gwani ko?

Na ajiye ludayin na ce, "Buba, an wanke ka. Na koma na nuna musu akuyar. Kowa ya yarda tsoho ba ya cikin bukkar, liman ma ya yi magana. Ka koma gida."

Ya saurara har na gama, yana murza igiya a hannu. "Na ji labari, Malam Lawali. Allah ya saka da alheri, ka sha wahala."

"To, me ya rage?"

"Ai ni ban taɓa zaton yana cikin bukkar ba. Ni na saki asabarin da hannuna."

"To, ka gani!"

"A bukka ba ya nan," ya ce. "Ranar majigi fa, ina yake zaune?"

Ya amsa wa kansa:

"Tabarmar gaba. Ni na shimfiɗa ta. Ina tsaye a baya ina kallon ƙeyarsa. A loma ta huɗu ya rufe fuska. Uku ya gani da idonsa, bakina a buɗe ya kai ƙofar ɗaki. Wannan wace akuya za ka nuna ta goge shi?"

Wata biyar ina yaba wa kaina na gyara yankan da na yi, ashe ko ban haɗa shi da kowa ba, ko shi kaɗai na bari a ƙyallen, ɓarnar ta riga ta auku tun ranar da na ce masa Turawa ne kawai. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Mai bijimin ya ƙwala masa kira. Ya ce mini, "A gaida Mompe," ya ja igiya ya tafi.

Hajjo ta bi shi da yara bayan damina, tsohon ne da kansa ya ɗora su a amalanke. Giɗaɗo ya rasu bayan 'yan shekaru, ba su sake zama gari ɗaya da Buba ba. Rijiyar tana nan, ruwanta garai-garai, na sha wucewa in ga mata sun kewaye ta. Buba bai taɓa shan ruwanta ba.

Mompe ya tsufa ya koma ƙasarsu, wanda ya gaje shi ya riƙe dokar komawa, ni kuma na ƙara tawa a kai: kafin ka danna jan nan, ka san wanda zai zauna a tabarmar gaba. Ku naku ma ya fi muni, don ba ku da tabarma. Abin da kuka ɗauka da hantsi, kafin azahar yana aljihun surukin kowa daga nan har Kano.

Shekaranjiya mai danna ja ya dawo daga Bande yana ta rawar kai. Ya ɗauko wani dattijo yana shan kunu a wurin rabon abinci, ya ce in zo in ga haske. Na gani, kuma ya yi kyau. Na tambaye shi me ya gaya wa mutumin har ya yarda. Ya ce, "Na ce masa Turawa ne kawai za su gani." Ban koya masa ba, ba wanda ya koya masa, maganar tare da kamara take zuwa. Na karɓa na goge hoton a gabansa, na zazzago wayar nan daga kwali na warware masa ita a tsakar ofis. Taku sittin ce, kuma wata uku zai yi.